Ashiru Mai Awo da Dokar Shayar da Doki

Mijin yayata, Ashiru mai awo, ba a yi masa gardama a kasuwar Gusau. Ba wai ya fi kowa gaskiya ba ne, murya ce ya fi kowa, kuma in ya kama magana ba ya sakinta sai abokin gardamar ya gaji ya kaɗe rigarsa ya tashi. Ni Lawali direba, ƙanin matarsa Binta, ni kaɗai al'ada ta ba damar tsokanarsa, kuma ban taɓa barin damar ta wuce ni ba. Na tsokane shi da tumbinsa, na tsokane shi da hularsa da ta ga gwamnoni da yawa, na tsokane shi da tsoron allura. Abu ɗaya ne ban taɓa buɗe baki a kansa ba, shi ne zancen doki, don ƙarshensa a gabana aka yi shi, kuma kunyar da na kwaso har yau ba ta gama sakina ba.

A 'Yankuzo ta ƙasar Tsafe aka haife shi. Ubansa, Malam Abdu, manomi ne da ya jera 'ya'ya mata har ya fid da rai da samun namiji, sai ga Ashiru ya zo bayan furfura ta cika masa gemu. Duk wanda ya san irin wannan haihuwa ya san sauran labarin: ba a harararsa, ba a hana shi, in ya yi tari gidan gaba ɗaya sai ya miƙe tsaye. Bai daɗe yana cin wannan sarauta ba. Tun bai isa zuwa gona shi kaɗai ba Malam Abdu ya rasu, wani kawunsa mai sayar da hatsi ya ɗauko shi ya kawo Gusau. Gona dangi suka ci gaba da nomawa, gidan ya tsufa ya zube. Abin da Ashiru ya taho da shi daga wurin ubansa, wanda ba mai iya karɓewa, shi ne dara.

Kawun mutum ne mai tsanani, a wurinsa dara aikin malalata ce. Dole Ashiru ya binne ta a cikinsa ya kama tiya. Kuma ya iya awo, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Tiyarsa ɗaya ce, da ita yake saye da ita yake sayarwa, ba ya buga mata gindi in shi zai karɓa, ba ya zura yatsa ciki in shi zai bayar. In ya gama auna wa mace gero sai ya ɗebi cikin hannu ya ƙara mata, ya ɗaga murya yadda na rumfar gaba za su ji: "Wancan haƙƙinki na, wanga kau gyara na. Kada gobe in ban ba ki ba ki ce tiyata ta rage." Ya tsani a cakuɗa masa awo da gyara, kuma ya sha ɓata da mutane a kan haka.

Sai da kawun ya rasu, ya samu rumfar kansa, ya auri Binta, sannan dara ta farka. Bayan rumfunan hatsi akwai wani dogonyaro inda 'yan dako da 'yan kabu-kabu ke zama bayan la'asar suna ludo da karta. Wata rana Ashiru ya tsaya a kansu ya yi tsaki, ya ce manya da su suna wasan da sa'a ce kawai ke ci, ya durƙusa ya haƙa gurabu a ƙasa da yatsa. Yawancinsu tashin birni ne, sunan dara kawai suka sani. Shi ya koya musu tun daga tushe. Gurbi talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan tsakuwa wancan tsinke. A fara dasa su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a jera uku lokacin dashe. In an gama a shiga turi, gurbi ɗaya gaba ko baya ko gefe, ba a karkacewa. Wanda ya jera uku ya ɗauke ɗa ɗaya na abokin wasansa. Huɗu a jere ba ci ba ne.

Sannan ya koya musu doki. Doki shi ne ka tsara 'ya'yanka ta yadda ɗa guda in ka tura shi nan ya cika uku, in ka dawo da shi can ya sake cika uku, kowane turi da ci. Wanda aka kafa wa doki ya shiga uku, don zama zai yi yana kallo ana tsince masa 'ya'ya. Amma doki, in ji Ashiru, sau biyu yake ci a jere. A na uku dole ka ƙyale shi ka tura wani ɗan dabam, don dokin ya sha ruwa. Da fuska ɗaya da murya ɗaya ya koyar da wannan da sauran dokokin, kuma haka majalisar ta karɓa. Kafin a jima, in ka bi ta gindin dogonyaron nan da yamma abin da za ka riƙa ji ke nan, ƙattai da gemu suna ihu: "Shayar da shi! Shayar da shi!"

A wannan lokacin babban amininsa shi ne Ishaya kafinta, mutumin Zuru, Kirista, mai shago a bakin layin 'yan hatsi. Shi ya yi wa Binta gadonta na aure. Da Sallah Binta kan aika wa matarsa Marta tuwo da nama, da Kirsimeti shinkafar Marta ta zo gidanmu har ni in samu rabo in na shigo gari. Da damina ta riƙa cike gurabun ƙasa, Ishaya ne ya samu katako mai kauri ya fafe gurbi talatin ya goge shi sumul ya kawo wa majalisa kyauta. Shi ba ya zama wasa, aiki ya yi masa yawa. Yakan tsaya da fensir a bayan kunne ya ɗan kalla, ya ji ana a shayar da doki, ya yi murmushi ya wuce. Daga baya ya ce ya ɗauka sassauci ne ake yi wa masu koyo.

Ranar da abin ya faru ina Tsafe, lokacin can nake lodi, amma na ji labarin daga bakuna da yawa kuma duk sun zo ɗaya. An rasa wanda zai kara da Ashiru, don tun da aka kafa majalisar ba a taɓa cinye shi ba. Aka yi ta zuga Ishaya har ya ajiye fensir ya zauna. Ashe gwani ne. Wasa bai yi nisa ba ya kafa doki, ya ci ɗaya, ya ci biyu, ya miƙa hannu zai ci na uku, Ashiru ya cafke masa wuyan hannu.

"Doki bai sha ruwa ba."

Ishaya ya ce, "Wane ruwa kuma, Malam Ashiru?" Ya fashe da dariya.

Ina ganin dariyar nan ce ta ɓata komai. Ga jama'a cike, ga 'ya'yan Ashiru sun fara ƙarewa, ga mutum yana dariyar abin da Ashiru ya koya a wurin ubansa. Ashiru ya miƙe tsaye. Ya ce maguɗi ne, maguɗi tsagwaronsa. Ishaya ya ce shi a cikin dara ya buɗe ido a garinsu, bai taɓa jin dokin da ke shan ruwa ba, sai dai in dokar nan wurin ce, in haka ne a faɗa masa ya bi. Wannan ya ƙara tunzura Ashiru.

"Babu dokar nan wuri! Dara ɗaya ta. Haka ubana yak koya min, kuma ubana bai taɓa koya min ƙarya ba. In maguɗi kuka yi garinku, nan ba a yi nai."

Ishaya ya dube shi, ya zuba tsakuwoyin da ke hannunsa a kan katakon, ya tashi. Yana tafiya wani ɗan dako ya ɗaga murya ya ce, "Sai gobe, Maguɗi!" Aka kwashe da dariya. Ashiru bai yi dariya ba, amma bai hana ba.

Wanda bai san kasuwa ba zai ce ai wasa ne, kwana biyu an manta. Kasuwa ba ta manta suna. 'Yan kabu-kabu suka mai da shi kwatance: a sauke ni shagon Maguɗi, kwanar Maguɗi. Baƙon da ya ji sunan ba ya tambayar a ina aka samo shi. Kafinta kuwa da amana yake cin abinci, don sai an ba shi kafin alƙalami ya sayo katako kafin a ga aiki. Wace uwa ce za ta ɗauki kayan ɗakin 'yarta ta kai wa mutumin da gari ke kira Maguɗi? Aikin aure ya janye, na ofis ya janye. Ishaya bai kai ƙara wurin kowa ba, bai zo ya yi rigima ba. Daga baya ya saki shagon bakin kasuwa ya koma can bayan gari inda haya ke da sauƙi. Kwanon Sallah da na Kirsimeti suka daina haɗuwa a hanya. Binta ta yi faɗa har ta gaji, Ashiru ya ce shi bai kori kowa ba, gaskiya ya faɗa, kuma gobe ma zai faɗa. Aka shekara fiye da goma a haka.

Bara bayan kaka wani dillalin hatsi na Bungudu, Alhaji Yazid, ya aurar da ɗansa, ya gayyaci Ashiru. Ya kuma yi kuskuren gaya masa cewa dattawan unguwarsu na buga dara a ƙofar gidansa. Shi ke nan. Ashiru ya ɗauki shatar motata, ya cika ta da 'yan majalisa, ya sa babbar riga. Tun daga Gusau har Bungudu bakinsa bai huta ba. Ya ce yau za a koya wa mutanen Bungudu dara, ni kuma na ce Allah ya sa rigar ta bar shi ya durƙusa.

Bayan an ci an sha an yi la'asar aka shimfiɗa tabarmi a inuwar bango. Su a ƙasa suke haƙa gurabunsu. Kafin a fara Alhaji Yazid ya ɗaga hannu ya ce suna da al'ada, in baƙo ya zo sai an faɗa masa na gida.

"Mu nan, ɗan da kat taɓa shi za ka turawa, babu fasawa. Kuma wanda anka cinye shi ka sayen goron majalisa. Waɗanga namu na, ba na dara ba, mu munka ƙara su. In ba ku so, mu aje su gefe. Ku mi kuka da shi Gusau?"

Ashiru ya gyara hula ya ce, "Mu ba mu da ƙari, Alhaji. Dara muka yi tsantsarta, yadda anka gade ta."

Wasan farko ya cinye wani dattijo cikin ruwan sanyi, har mutanen Bungudu suka jinjina masa. Wannan dole in faɗa, Ashiru ya iya dara. 'Yan majalisarmu suka cika wurin da kirari. A na biyu Alhaji Yazid da kansa ya zauna. Mutum ne mai sanyin hannu, yana wasa yana gaisawa da baƙin biki. Ban san yadda aka yi ba, sai na ga ya kafa doki. Ya ci ɗaya, ya ci biyu. Da ya miƙa hannu karo na uku Ashiru ya riƙe shi, 'yan Gusau kuma baki ɗaya suka ɗauka: "Shayar da shi!"

Alhaji Yazid ya dubi hannunsa da aka riƙe, ya dubi mutanensa, ya ce a shayar da wa? Ashiru ya yi masa bayani dalla-dalla, irin bayanin da ake yi wa yaro. Wani tsoho ya fara dariya ƙasa-ƙasa, na kusa da shi ya kama, kafin ka ce kwabo duk tabarmin Bungudu na girgiza. Alhaji Yazid mutumin kirki ne, ya yi ƙoƙarin rufa abin. Ya ce ba komai, in dokar Gusau ce a bi ta, ai don haka ya tambaya tun farko. Da Ashiru ya karɓi wannan tsanin ya sauka, da an tashi lafiya. Amma ina! Ya miƙe, babbar riga na kaɗa tsinkayen wasa.

"Ba dokar Gusau ba ta! Asalin dara ke nan. Ku tahi 'Yankuzo ku tambaya, can anka san dara!"

Wani ya ce ai ba sai an je ba, ga mutumin 'Yankuzo nan zaune. Can ƙarshen tabarma akwai wani tsoho tukuf jingine da bango, ido ya yi rauni, ana ce masa Baba Umaru. Tun da zaman ƙauye ya yi wuya 'yarsa da ke aure a Bungudu ta ɗauko shi. Aka matsa kusa da kunnensa aka gaya masa abin da ake ciki. Ya ɗago kai ya ce wane ne ke zancen shayar da doki? Ɗan wa ne a 'Yankuzo?

Ashiru ya rusuna ya ce, "Baba, ni na, Ashiru ɗan Malam Abdu."

Fuskar tsohon nan ta washe kamar an ba shi kujerar Makka. Ya miƙo hannu biyu yana laluben Ashiru.

"Allah sarki! Ashirun Abdu? Mai birgima? Zo nan, ɗana, zo in taɓa ka. Ubanka abokina na, tare muka dara bakin masallaci."

Da a ce da izgili ya yi maganar, da Ashiru ya samu abin faɗa da shi. Amma da murna ya yi ta, yana riƙe da hannunsa, yana juyawa ga jama'a don kowa ya ji. Ya ce yaron ga tun yana ɗan mitsitsi ba shi son a cinye shi. In ubansa ya zaunar da shi a dara aka kafa masa doki, sai ya tashi ya tattake gurabun da ƙafa, ya faɗi ƙasa yana birgima, ya riƙe numfashi har uwarsa ta fito da gudu ba mayafi. Abdu kuwa ba ya iya jin kukan ɗan nan. Rannan sai ya ce masa, yi shiru, ai dokin ya gaji, bari ya sha ruwa. Ya tura wani ɗan dabam, yaro ya samu ya toshe dokin, ya share hawaye.

"Daga nan Abdu yab bi mu ɗaya-ɗaya yana roƙo, in muna yi da kai mu riƙa shayar da doki. Muka yi mai, don muna jin tausai nai. In ka tashi ka tahi gida mu koma ma dararmu." Ya yi dariya har da tari. Sannan ya tambaya, da zuciya ɗaya, "Halan har yanzu ana shayar maka da shi?"

Ba wanda ya yi dariya wannan karon, kuma wallahi da an yi da ya fi sauƙi. Na dubi Ashiru, mutum mai jikoki, durƙushe cikin babbar riga a gaban baƙi, hannunsa cikin na tsoho. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula. Ni kaina na rasa inda zan sa idona, na kama duban tayar motata kamar yau na fara ganinta. Ina ji kamar ni aka tuɓe a tsakiyar kasuwa. Baba Umaru ya ji shirun ya yi yawa, ya gane ya yi ɓarna, ya shiga gyarawa. Ya ce ai ba laifi ba ne, kowane gari da abin da ya ƙara, Abdu gyara ne ya yi wa ɗansa irin na masu awo. Bai san da mai awo yake magana ba.

Ashiru ya koma ya zauna ya ce wa Alhaji Yazid, "Ci abinka." Ya zauna har aka tsince 'ya'yansa kaf, bai ɗaga kai ba. Ya aika aka sayo goron majalisa, muka yi sallama.

A hanyar dawowa motar nan kamar an ɗauko gawa. Ashiru na gaba kusa da ni, fuskarsa a taga. Wani daga baya ya fara cewa ai tsohon ya rikice, na harare shi ta madubi ya haɗiye sauran.

Ya yi kwanaki ba ya zuwa gindin dogonyaro. Daga rumfa sai masallaci sai gida. Binta ta ce tuwo ma sai ta tsaya a kansa. Da na je duba shi na same shi a zaure, na shiga ba shi baki, na ce Bungudu ai ba nan ba ce, wa zai tuna? Ya girgiza kai.

"Lawali, ba dariyar Bungudu ad damuwata ba. Ishaya. Mutumin ga gaskiya yaf faɗi, har cewa yay yi in dokar wurin ta a gaya mai ya bi. Ni kau nis sa mai suna."

Washegari ya ce in raka shi majalisa. Ya tsaya a kan katakon dara ya faɗi komai, har birgimar, bai rage ba. Ya ce shayar da doki ba dara ba ce, lallashin yaro ne, daga yau a bari. Ni na ɗauka za a yi shiru a karɓa, kamar yadda aka saba karɓar duk abin da ya fito bakinsa. Sai majalisa ta tashi masa. Wani ya ce haba Malam, haka muka taso muka tarar. Wani ya ce har tashar mota da bakin asibiti haka ake yi, duk garin ne bai san dara ba sai Bungudu? Waɗanda aka je da su ma suka ce maganar tsohon da ba ya gani ba hujja ba ce. Wani kuma ya faɗi ta cikinsa, ya ce in babu shan ruwa wanda aka kafa wa doki ya mutu ke nan, wasa ba zai yi daɗi ba. Ashiru ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Ran nan na fara ganin an kayar da shi a gardama, kuma da maganganunsa aka kayar da shi.

Da ya ga ba ci, ya ce to su riƙe abinsu, amma su riƙa faɗa wa baƙo cewa ƙari ne. Kuma don girman Allah a daina ɓata sunan Ishaya, bai yi maguɗi ba.

Wani matashi mai riƙe da tsinkaye ya ɗago ya ce, "Wane Ishaya?"

Ashiru ya juya. Ya ja hannuna muka tafi.

Ranar Asabar da hantsi na ɗauke shi muka nufi bayan gari. Ba mu san shagon ba, unguwar sabuwa ce, layuka sun yi yawa. Na tsaya wurin mai shayi na tambayi shagon Ishaya kafinta, ya ce bai san shi ba. Mai faci ma haka. Muka tarar da 'yan kabu-kabu a inuwa, na ce wani kafinta dattijo, mutumin Zuru. Suka dubi juna. Ni dai na ƙudura ba zan faɗi ɗaya sunan ba ko za mu wuni muna yawo. Sai Ashiru ya leƙa ta taga, da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba ya ce, "Wanda aka ce ma Maguɗi."

"Au, Baba Maguɗi! Ku ce haka mana. Layi na biyu, hannun dama."

Shagon rumfar kwano ce, ba ƙofa. Babu gado, babu kujerun aure, sai bencunan masu shayi da kujerun tsuguno da aka kawo gyara. Ishaya ya tsufa, kai ya yi fari, yana zaune yana goge ƙafar wani tebur. Ya gane mu nan take. Ya tashi ya kaɗe benci da tsumma ya ba mu, aka gaisa, ya tambayi Binta da yara ɗaya-ɗaya da sunayensu, har da waɗanda aka aurar. Ashiru ya ƙi zama a bencin. Ya cire hula ya tsuguna cikin garin katako ya ba da labarin Bungudu tun daga farko.

Ishaya ya saurara har ƙarshe. Bai yi dariya ba, bai ce ai na faɗa maka ba.

"Ashe lallashi na," ya ce. "Allah ya jiƙan tsohon. Ya so ka ƙwarai."

"Ishaya, ka yahe min. Na zalunce ka."

"Na yahe tun tuni, Malam Ashiru. Marta ce dai ban sani ba, sai ka je da kanka."

Ashiru ya ce zai je. Ya ce zai bi kasuwa rumfa-rumfa, zai bi tasha, zai roƙi liman ya ba shi dama bayan sallar Juma'a ya faɗa wa jama'a cewa shi ya yi ƙarya. Yana magana yana share ido da hular. Ishaya ya ce ya tashi daga ƙasa, rigarsa na ɓaci, kuma kada ya wahalar da kansa, waɗanda suka san yadda aka yi yawancinsu sun bar kasuwar ko sun mutu.

Ana cikin haka wata mata ta yi sallama daga bakin rumfa, da goyo a baya. Ta rusuna cikin ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa dattijon unguwa.

"Baba Maguɗi, ina kwana? An gama kujerar?"

"Na'am, ɗiyata," in ji Ishaya. "An gama, ga ta can."

Ya tashi ya je ɗauko mata. Ashiru na tsugune inda yake, hula a hannu. Ni na fita na koma mota na jira shi.